Gidan Raɗa da Gidajen Kasuwa: Ra'ayina a kan Siyasar Palau

A ranar 5 ga Nuwamba 2024, yayin da hankalin duniya ya koma kan zaɓen Amurka, mutanen Palau su ma sun fita zaɓen shugaban ƙasa, kuma 'yan takara biyun da suka rage a fage surukan juna ne. Shugaba mai ci, Surangel Whipps ƙarami, shi ne mijin Valerie, 'yar'uwar abokin karawarsa Tommy Remengesau ƙarami, wanda ya riga ya mulki ƙasar har shekara 16. Sun taɓa gwabzawa a 2016, inda Remengesau ya tsira da ratar da ba ta kai ƙuri'a 300 ba, a wannan karon kuwa Whipps ne ya yi rinjaye da kusan kashi 58 cikin ɗari. Tun daga lokacin nake juya lamarin wannan ƙasa a raina, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne majalisarta, wadda tun kafuwarta ba a raba ta da 'ya'yan gidajen da suka riƙe manyan kantuna da kamfanonin gine-gine da jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido.

Ga wanda bai san ƙasar ba, Palau tarin tsibirai ne fiye da 300 a yammacin tekun Fasifik, gabas da Filifin, kuma duk jama'arta ba su wuce kimanin mutum 18,000 ba. Sifaniya ta riƙe ta, ta sayar wa Jamus a 1899, Japan ta karɓe a 1914, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta koma hannun Amurka a matsayin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, har zuwa 1 ga Oktoba 1994 da ta sami cikakken 'yancin kai. Tsarin mulkinta, wanda ya fara aiki a 1981, ya kafa majalisa mai zaure biyu: zauren wakilai mai kujeru 16, ɗaya ga kowace jiha, da zauren dattawa da ake zaɓen mambobinsa daga ƙasa baki ɗaya, waɗanda aka ƙara yawansu daga 13 zuwa 15 a zaɓen 2024. Babu jam'iyyun siyasa a fagen. Ɗan takara yana shiga zaɓe da sunansa da sunan gidansu da abin da mutane suka sani game da shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu dalilin da ya sa gida yake da nauyi haka.

Sunan majalisar a harshensu Olbiil Era Kelulau, ma'ana gidan shawarwarin da ake yankewa cikin raɗa. Sunan ya samo asali daga al'adar zauren sarakuna da suke kira bai, inda manya ba sa ɗaga murya a kan juna, sai dai manzo ya ɗauki magana daga kunnen wannan zuwa kunnen wancan har a cim ma matsaya ba tare da an kunyata kowa ba. Zan dawo kan wannan suna, domin a ganina a cikinsa duk maganar take.

Gidan Whipps shi ne misalin da ya fi fitowa fili a yau. Mahaifin, Surangel Whipps babba, shi ya kafa kamfanin Surangel and Sons, wanda ya girma daga ƙaramin kanti ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar, da babban kantin kayan masarufi da harkar shigo da kaya da aikin gine-gine. Wannan dattijo ya shugabanci zauren wakilai, ya kuma shugabanci zauren dattawa, ya ma nemi shugabancin ƙasa a 2008 bai samu ba. Ɗansa, shugaban na yanzu, ya jagoranci kamfanin, ya yi sanata daga 2009 har wa'adi biyu, kafin ya hau mulki a Janairun 2021, kuma wani ɗan gidan, Mason Whipps, shi ma ya yi shekaru yana sanata. Kafin su an yi gidan Tmetuchl. Roman Tmetuchl attajiri ne kuma ƙasurgumin ɗan siyasa tun zamanin amanar Amurka, ya yi gwamnan jihar Airai, ya nemi shugabancin ƙasa sau da dama, kuma a 1988 ya faɗi da ratar ƙuri'a 31 kacal. Wanda ya kayar da shi, Ngiratkel Etpison, shi ma ɗan kasuwa ne, mai kamfanin NECO da ya yi suna a harkar yawon buɗe ido. Daga baya Mlib Tmetuchl ya shugabanci zauren dattawa daga 2009 zuwa 2013, a daidai shekarun da Johnson Toribiong, wanda shi ma jinin wannan dangi ne, yake shugaban ƙasa. Gidan Remengesau kuwa nauyinsa na mulki ne: mahaifin Tommy ya yi mataimakin shugaban ƙasa, ya kuma riƙe kujerar shugabancin na ɗan lokaci sau biyu a cikin shekarun 1980.

Wanda ya ji wannan jerin sunaye daga nesa zai yi saurin cewa 'yan gidaje kaɗan ne suka yi wa ƙasa ƙawanya. Ni ban yarda da saurin wannan hukunci ba, kuma ina da dalili. Ƙasar da duk masu kaɗa ƙuri'arta a zaɓen shugaban ƙasa suke kewayen mutum 10,000 tana buƙatar shugaba da mataimaki da ministoci da 'yan majalisar tarayya 31 da alƙalai da jakadu, ga kuma gwamnoni 16 da majalisun jihohi 16, alhali da yawa daga cikin matasanta masu ilimi suna zaune a Guam da Hawaii da sauran sassan Amurka, domin yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu ta ba su damar zama da aiki a can ba tare da biza ba. Idan aka ce duk wanda gidansu ke da kanti ko otal ko jirgin ruwa kada ya tsaya takara, wa zai rage? Mutumin da ya saba biyan albashin ɗaruruwan ma'aikata a ƙarshen kowane wata, ya san kuɗin dakon kwantena daga Guam, ya san abin da tsadar man fetur take yi wa farashin shinkafa, yana da sanin da majalisa take buƙata. Hana shi shiga zalunci ne gare shi, kuma asara ce ga ƙasa. Bayan haka, tsarin mulki ya keɓe mallakar fili ga 'yan ƙasa kawai, doka kuma ta keɓe wasu sana'o'i, kamar sayar da kaya a kanti, ga 'yan ƙasa, don haka dole ne dukiya ta taru a hannun 'yan gidajen da suka riga kowa farawa.

Akwai kuma wani abin da na ga ya kamata a yi musu adalci a kansa. Attajiri a Palau ba ya iya ɓuya a bayan doguwar katanga. Al'adarsu ta ɗora wa kowane mai hali nauyin gudummawa a jana'iza, da bikin haihuwar fari da suke kira omengat, da taron haɗa kuɗin gina gida da suke kira ocheraol, kuma ana lura da abin da kowa ya kawo. Sanata yana haɗuwa da mai zaɓensa a bakin kanti, a coci, a wurin makoki, kuma wanda ya yi wa wulaƙanci yau yana iya zama ɗan'uwan matar ɗansa gobe. A wurin da ƙuri'a 31 take raba shugaba da wanda ya faɗi, ba wanda zai raina gida guda. Wannan kusanci linzami ne na gaske, kuma manyan ƙasashe da yawa ba su da irinsa.

Sai dai kusancin nan yana da iyakar abin da zai iya, kuma a nan damuwata take. Kusanci yana hana mutum girman kai, amma ba ya tona lissafi. Mai zaɓe yana iya ganin ko sanata ya zo jana'izar kakarsa, amma ba zai iya ganin yadda aka gyara wani sashe na dokar haraji a zaman kwamiti ba, ko wane ne ya sami kwangilar gyaran hanya, ko wane ne ainihin mai kamfanin da aka yi wa rajista da sunan wani. Hasali ma kusancin yana ƙara wa bakin mutane nauyi. Ta yaya ma'aikaci zai fito ya tuhumi ɗan majalisar da mahaifinsa ke biyan albashin matarsa? Ta yaya mutum zai kai ƙarar wanda ya ɗauki rabin kuɗin jana'izar mahaifiyarsa? Kunya, wadda ita ce adon irin wannan al'umma, ita ce kuma take sa a bar kaza cikin gashinta.

Tarihin ƙasar ya riga ya nuna tsadar wannan shiru. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Ingila mai suna IPSECO domin gina tashar wutar lantarki a jihar Aimeliik, a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 30, bashin da ya fi ƙarfin ƙasa mai wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Daga baya bincike ya nuna cewa kamfanin ya biya wasu manyan mutanen ƙasar maƙudan kuɗaɗe, cikinsu har da Lazarus Salii, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1985, kuma a watan Agustan 1988 aka same shi a mace da harbin bindiga a gidansa yayin da zarge-zargen suke ƙara zafi. Wanda ya gabace shi, Haruo Remeliik, shugaban ƙasa na farko, harbe shi aka yi a ƙofar gidansa a ranar 30 ga Yuni 1985, kuma sai a 1993 kotu ta sami wani tsohon minista da hannu a kisan. Ban kawo waɗannan don in jingina su ga gidajen da ke majalisa a yau ba, domin zamanin ya wuce kuma ƙasar ta yi shekaru fiye da 30 tana miƙa mulki cikin lumana. Na kawo su ne domin maganar IPSECO ba ta fito daga raɗar manya ba, ta fito ne daga takardun kotu da binciken masu duba asusu, bayan kamfanin ya durƙushe kuma bankuna sun biyo bashinsu.

Misalin da ya fi kusa shi ne na haraji. A ranar 1 ga Janairu 2023 aka fara karɓar harajin kaya da hidimomi na kashi 10 cikin ɗari, a cikin wani garambawul da ya sauya yadda manyan kamfanoni suke biyan haraji, aka koma cire musu daga riba maimakon daga jimillar ciniki. Masana tattalin arziki na waje sun daɗe suna ba da shawarar irin wannan gyara, ƙasar kuma ta fito daga annobar korona da bashi mai nauyi bayan 'yan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, saboda haka akwai hujja mai ƙarfi a bayan dokar. Amma talaka ya ga farashi ya tashi a kanti, ya kuma san cewa mai babban kantin mahaifin shugaban ƙasa ne, ɗan gidan kuma yana zauren dattawa. Ko da a ce dokar ba ta amfani gidan da ko sisi ba, wa zai tabbatar wa talakan da haka, kuma da wace shaida? Wannan zargi ya zama jigo a yaƙin neman zaɓen 2024. Ni ban ce an yi cuta ba. Abin da na ce shi ne, dokar da take daidai ma tana rasa amincewar mutane idan waɗanda suka rubuta ta suna cikin waɗanda ta shafa, kuma ba a shimfiɗa wa jama'a lissafin a fili ba.

Abin da ya biyo baya ya fi damuna fiye da harajin kansa. Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, kamfanin Surangel and Sons ya shigar da ƙarar ɓata suna a kan jaridar Island Times da editarta, Leilani Reklai, saboda labarin da ta buga game da wata takardar harajin kamfanin da ta yaɗu a shafukan sada zumunta. Kamfanin ya ce labarin ba gaskiya ba ne kuma ya zubar masa da mutunci, kuma ba na musun cewa kowa yana da haƙƙin zuwa kotu idan yana ganin an ƙaga masa ƙarya. Amma ƙasar nan jaridunta na kirki ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, Island Times da Tia Belau su ne aka fi sani, kuma ƙaramar jarida a irin wannan wuri tana rayuwa ne da tallace-tallacen 'yan kamfanonin nan ƙalilan. Idan gida mafi ƙarfi a kasuwa, wanda kuma shi ne mafi ƙarfi a gwamnati, ya maka jarida a kotu, duk ɗan jaridar da ke tsibirin ya ji saƙon, ko da mai ƙarar bai yi niyyar aika shi ba. A ganina gidan da ya zaɓi ya riƙe kasuwa da mulki a lokaci guda ya kamata ya ɗauki haƙurin da ya fi na kowa a kan suka, ya mayar da martani da takardu a bainar jama'a, ya bar kotu ta zama matakin ƙarshe.

Yanzu bari in koma kan raɗa. Raɗar zauren sarakuna ta yi aiki ƙarni da ƙarni saboda akwai wani iko a wajen zauren da yake sa ido a kanta. A Palau dangantaka ta wajen uwa ake bi, kuma manyan matan dangi su ne suke zaɓen namijin da zai riƙe sarauta, su ne kuma suke da ikon karɓe ta idan ya kauce. Basaraken da ke raɗa a cikin bai ya san cewa iyayensa mata da 'yan'uwansa mata suna jiran sakamako. Har a zamanin nan an ga ƙarfin waɗannan mata: a shekarun rikicin yarjejeniya da Amurka, lokacin da aka yi ta maimaita ƙuri'ar raba gardama domin a kauce wa sashen tsarin mulki da ya haramta makaman nukiliya sai da amincewar kashi 75 cikin ɗari, dattijai mata irin su Gabriela Ngirmang ne suka je kotu a 1987 duk da barazanar da aka yi musu. To majalisar zamani ta gaji sunan raɗa da ɗabi'ar raɗa, amma ba ta gaji wancan linzamin ba. Babu wata uwar dangi da za ta iya tsige sanata, kuma mata kaɗan ne suka taɓa zama a zaurukan biyu, duk da cewa ƙasar ta yi mataimakan shugaban ƙasa mata biyu, Sandra Pierantozzi da Uduch Sengebau Senior. Kuɗin da ake raɗa a kansu ma sun sauya girma: sabuwar yarjejeniyar tallafi da Amurka ta tanadi dala miliyan 890 cikin shekara 20, ga tallafin Taiwan da ƙasar ta amince da ita tun 1999, ga ayyukan sojan Amurka da suke kawo kwangiloli, ga masu zuba jari daga Sin da suke neman hayar filaye na tsawon shekaru.

Abin da zai maye gurbin idon iyaye mata a wannan zamani shi ne rubutu da hukumomin da ba sa tsoron manya, kuma Palau tana da tubalansu. Tana da dokar ɗa'ar ma'aikata da ta wajabta bayyana kadara, tana da hukumar ɗa'a, da ofishin mai binciken asusun gwamnati, da ofishin mai gabatar da ƙara na musamman. Wannan ofishi na ƙarshe ya taɓa gurfanar da Tommy Remengesau kansa a 2009, bayan ya sauka daga mulki yana sanata, kotu ta same shi da laifin rashin bayyana wasu filayensa yadda doka ta tanada, aka ci shi tara, kuma bayan shekara uku jama'a suka sake zaɓensa shugaban ƙasa. Na ɗauki wannan a matsayin alamar lafiya ta fuska biyu: doka ta kai ga babban mutum, jama'a kuma sun yanke nasu hukuncin suna sane da abin da ya faru. Matsalar ita ce kasafin kuɗin waɗannan ofisoshi da amincewa da naɗin shugabanninsu suna bi ta hannun majalisar da aka ɗora musu sa wa ido, kuma ofishin da aka bari babu shugaba ko babu isassun ma'aikata ba ya cizo.

Don haka abin da nake ganin ya dace a nema daga ɗan gidan kasuwa da ya shiga Olbiil Era Kelulau ba mai wuya ba ne. Ya rubuta duk kamfanin da yake da hannu a ciki, da na matarsa da na iyayensa da na 'yan'uwansa, a ajiye inda kowa zai karanta a intanet ba tare da neman izini ba. Idan dokar da ke gaban zaure ta shafi kasuwarsa kai tsaye, ya faɗa da bakinsa a rubuta, ya janye daga ƙuri'ar. Na san za a ce a ƙasa mai wannan ƙanƙanta idan kowa ya janye zaure zai watse, kuma akwai gaskiya a ciki, shi ya sa na fi ɗora nauyi a kan bayyanawa fiye da janyewa. Kowace kwangilar gwamnati kuma a buga sunan wanda ya ci da farashinsa da na waɗanda suka faɗi.

Akwai wasu mutanen da ban ambata ba tukuna, alhali su ne suka fi kowa rauni a cikin wannan tsari. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna Palau baƙi ne, galibi 'yan Filifin da 'yan Bangladesh da wasu ƙasashen Asiya, kuma su ne suke tsaye a bayan teburin kanti, suke ɗaukar siminti a wurin gini, suke share ɗakunan otal, suke aikin gona da aikin gida. Tsarin mulki ya ɗaure zama ɗan ƙasa ga wanda ke da jinin Palau, saboda haka komai daɗewarsu ba za su kaɗa ƙuri'a ba. Ba su da dangin da za a ji kunyarsu, ba a bin su gudummawar jana'iza, ba su da uwar dangi a kowane ƙauye. Mafi ƙarancin albashinsu, da sharuɗɗan takardar izinin aikinsu, da damar sauya ubangida idan an cuce su, duk a zaurukan nan biyu da ke Ngerulmud, babban birnin ƙasar, ake yanke su, kuma a cikin masu ɗaga hannu akwai waɗanda su ko 'yan gidansu ne suke biyan albashin.